Yaran Watan Gani

Ikilima ce ta rubuta manhajar da wani ƙaramin asibitin yara a Daura yake ajiye bayanan rigakafi da ita, kuma ranar nan manhajar ta tashi kunyata ta a bainar jama'a.

Mata sun cika rumfa, wasu tun daga Dutsi, 'ya'yan goye sai tsala kuka suke. Matar karkara kuwa ina ruwanta da Satumba? Ka tambaye ta yaushe ta haihu, ta ce maka watan Gani, ta gama magana. Shi ya sa Ikilima ta tsara a riƙa neman yaro da watan Musulunci. Da fari abin gwanin sha'awa. Da bayanai suka taru, sai a danna a zauna, kwamfuta na ta juyi kamar mai tuƙa tuwon biki.

Sista Rabi, shugabar masu jinya, ta leƙo fuska a murtuke.

"Ƙanwata, ni na tsaya miki wajen likita. In layin nan bai motsa ba kafin azahar, zai karɓe aikin ya ba wasu, kuma ba ni da bakin magana."

Aikin Ikilima na farko ke nan, wallahi tsoro ta ji sosai.

Ta buɗe umarnin binciken tana bi a hankali. Kai! Ashe ita ta ɗaure kanta. Rumbun bayanan ya jera ranakun haihuwa da kalandar Bature a fihirisa, jerin da ke sa a gano rana nan take, tsaf. Ita kuwa, uwar iyawa, ta ce ya ɗauki ranar kowane yaro ya juya ta zuwa Hijira, sannan ya duba ko ta faɗo cikin watan. Kowane yaro fa, har waɗanda suka shiga firamare! Fihirisar na zaune ba mai taɓa ta.

Sai ta juya lissafin: farkon wata da ƙarshensa kaɗai za a mayar na Bature, a kwaso abin da ke tsakani. Ta ɗan buɗa kwanakin gefe da gefe saboda saɓanin ganin wata.

"Anti, danna mu gani."

Sista Rabi ba ta ɗauke yatsa ba sunaye suka zubo. Ta rangaɗa guɗa a tsakiyar ofis, ta ruga ta jawo likita. Ya gwada watan Azumi, ya gwada na Babbar Sallah, yana neman inda za ta cije, bai samu ba.

Ya gyara tabarau ya ce, "Malama Ikilima, aiki naki ne. Sista, a shigo da mai bi."