Akwatunan Stara Lypa

Ranar da Asusu, wato ƙungiyar ceto kayan tarihi da take yi wa aiki, ke tara masu ba shi kuɗi, Ghislaine Rochat ba ta iya karyawa. Ba azumi ba ne, cikinta ne kawai ba ya karɓar komai. Ta daɗe tana wannan aiki a Geneva, ita ce mai kula da gidajen tarihin da yaƙi ya ritsa da su. Takan aika musu akwatunan katako da takardar naɗi da abin kashe gobara, a kwashe kaya a ɓoye kafin wuta ta iso. Aikin kam tana son sa. Taron ne ba ta so, taron da ake jera farar giya da cuku da soyayyen kifin tafki, attajirai su zo su ga inda kuɗinsu ya shiga.

Bana kuwa an sami abin nunawa. Fim aka haɗa a kan Stara Lypa, wani ɗan gari a gabashin Ukraine. Shugabar gidan tarihin garin, Oresta Hnatiuk, ta kwashe zanen waliyyai na katako da tsofaffin littattafan coci da rigunan amare masu aikin hannu, ta zuba su a akwatunan Asusu, ta kai ƙarƙashin ƙasa a wani tsohon kamfanin sukari da aka daina aiki. Dokar Asusu ce, duk wanda aka taimaka wa sai ya tsaya kusa da akwati, tambari a bayyane, ya yi godiya. Oresta ta yi, amma da tsaki. "Yaya," ta ce wa Ghislaine a waya, "da furfurata za ki mai da ni 'yar talla?"

To, a safiyar taron, Ghislaine tana cikin ƙaramin jirgin ƙasa na cikin gari saƙon Oresta ya shigo wayarta. Kwanaki ke nan ba a jin ɗuriyar Stara Lypa, sojojin mamaya sun kewaye garin, layi a yanke. Saƙon gajere ne: "Gari ya faɗa hannunsu. Sun zo neman kaya. Na ce musu komai ya ƙone ranar da bam ya faɗa kan rufin. Kada ki kira ni."

Ba ta san yadda ta sauka ba. Ta dai ga kanta a zauren otal, ana jera kujeru, mai kula da na'ura yana gwada fim a babban allo. Ta tsaya a ƙofa da jakarta a hannu. Ga duniya tana juyawa a allo, ta tsaya, hoto ya dinga matsowa, ƙasa, lardi, kogi, gari, har ya sauka a kan rufin kamfanin sukarin, jan ɗigo yana ƙyaftawa a kai. Adon da suke yi wa kowane fim ke nan, don mai bayarwa ya tabbata kuɗinsa a ƙasa ya sauka, ba a aljihun wani ba. Daga nan sai fuskar Oresta, tana dafe da akwati, tana godiya. Kuma taron kai tsaye za a watsa shi, kowa a duniya ya kalla.

"Kashe shi," in ji ta. "Don Allah kashe."

Shugaban Asusu, Aurèle Duvoisin, ya juyo daga wajen teburin abinci da ɗan cuku a hannu. Tare suka fara aiki tun yana da gashi a ka.

"Uwar 'yan tsoro ta iso," ya ce yana murmushi. "Yau kuma me ya faru? Launin ɗigon ne bai yi miki ba?"

Ta miƙa masa wayar. Ya karanta, ya sake karantawa, ya ajiye cukun a kan farin mayafin tebur, abin da bai taɓa yi ba.

"A cire taswirar," ya ce.

"Fuskarta fa? Akwatunan fa? Ta ce musu sun ƙone, Aurèle."

"To a cire fim ɗin gaba ɗaya. In ce na'ura ce ta ƙi."

"Na'ura ta ƙi, a Geneva? Wa zai yarda? Kuma sanarwar fa?"

Ya san wadda take nufi. Tun makon jiya take a shafinsu, da manyan baƙaƙe: Yadda muka ceci dukiyar Stara Lypa.

"A sauke ta yanzu."

"Wanda zai gani ya riga ya gani."

"Ba lalle ba ne. Mutanen da ke yaƙi, ina suka ga lokacin karanta shafinmu? Mu kanmu ba ma karantawa."

Bai rufe baki ba wayar ta yi ƙara a hannunsa. Sunan Oresta ne a jiki. Ghislaine ta fizge ta, ta shige bayan labule.

"Oresta? 'Yar'uwa?"

Muryar namiji ce ta amsa, a natse, cikin ladabi, kamar ma'aikacin banki.

"Madam Rochat ko? Madam Hnatiuk tana nan wurinmu, mun ba ta shayi. Wata 'yar matsala ce ta taso. Ita ta ce komai ya ƙone. Ku kuma kun rubuta kun ceta. Kin ga dole a cikinku akwai mai ƙarya."

"Ba ni ita in ji muryarta."

"Ai tana jin ki. Mun kawo mata kujera gaban allo, tare za mu kalli taronku. Allah ya ba da sa'a, Madam."

Layi ya yanke.

Ghislaine ta jingina da bango. Ta bayan labulen tana jin baƙi sun fara shigowa, ana karɓar riguna, kofuna suna haɗuwa, ana gaisuwar nan ta sumba uku a kumatu. Aurèle ya leƙo, ta gaya masa abin da ta ji, kalma bayan kalma.

"Shiru ba zai fisshe ta ba," ta ce. "In muka ce na'ura ce, sun gane muna ɓoye wani abu. Sai mun fito mun faɗi abin da ta faɗa."

"Wato me?"

"Cewa ya ƙone."

Ya dube ta kamar ta ce ya tuɓe a tsakiyar zaure.

"Ki yi wa masu ba mu kuɗi ƙarya? A gaban kyamara? Ghislaine, a garin nan gara a kama ka da gawa a mota da a kama ka da wannan. Kin ga waccan?" Ya ɗaga gefen labule. Wata tsohuwa ce doguwa mai sanda, ana gyara mata kujera a sahun gaba. "Madam Van Acker. Rabin abin da muke aikawa daga hannunta yake fitowa. Yau za ta ce ta ci gaba ko ta daina. Bara cewa ta yi ba ta ganin komai sai takarda. In ta janye, akwatunan wa za ki aika baɗi? Ba Stara Lypa kaɗai ke gare mu ba."

"Na sani."

"To bari in ja ta gefe in raɗa mata gaskiya."

"Kyamara tana kan sahun gaba. In ta san ƙarya ce, fuskarta za ta nuna. Kuma ka san ta, kafin a ɗauke faranti ta gaya wa mutum biyar, kowannensu da waya a hannu."

"Gaba kura, baya sayaki," ya ce a hankali. Ya duba agogo, don ko duniya za ta tashi ba a makara a taron Asusu. "Ba zan saka fim ba, wannan na yi miki alkawari. Zan ce mun ɗage batun Stara Lypa saboda halin tsaro. Iyakar abin da zan iya ke nan."

"Saboda tsaron me, Aurèle? Toka ake tsaro?"

Ya gyara wuyan rigarsa ya fita.

Ta tsaya tana kallon sa ta tsagar labule. Ya hau dandamali, aka tafa, jar fitilar kyamara ta kama. Ya yi maraba, ya gode wa wannan, ya gode wa wancan, ya yi ɗan barkwancinsa na kullum a kan ruwan saman Geneva. Ita kuwa ba ta ganin zauren. Wani ɗaki take gani da ba ta taɓa shiga ba, da kujera, da kofin shayin da ba a taɓa ba, da mutum tsaye a bayan kujerar.

"Game da Stara Lypa kuma," in ji Aurèle, "wadda muka yi alkawarin nuna muku yau, mun ga ya dace..."

Sai ga ta a gefensa. Ita kanta ba ta ji takunta ba. Ta sa hannu ta karkato abin magana zuwa bakinta. Ya riƙe shi, ta dube shi, ya saki.

"Sunana Ghislaine Rochat," ta ce. "Ni ce mai kula da aikin Stara Lypa. Babu fim yau, don babu abin nunawa. Akwatunan da kuka saya sun isa garin, wannan gaskiya ne. An zuba kaya a ciki. Amma ba a samu fitar da su daga gidan tarihin ba, motar da na yi alkawari ban aika ta a kan lokaci ba. Bam ya faɗa kan rufin. Zane, littattafai, riguna, duk sun ƙone, har akwatunan."

Wani cokali ya faɗi can bayan zaure, kowa ya ji ƙararsa.

"Madam Hnatiuk ta gaya mini tun ranar. Ni ce na ɓoye. Ni na ce a rubuta an ceta, don na ji tsoron zuwa gabanku hannu wofi. Ita ba ta san da sanarwar ba. Laifin nawa ne ni kaɗai."

Madam Van Acker ba ta ko dube ta ba. Ta dogara sandarta, ta miƙe a hankali, ta fuskanci Aurèle.

"Duvoisin. Na san mahaifinka. Abin da matar nan ta faɗa, haka ne?"

Kyamara ta juya kansa. Ghislaine ta ga gumi yana gangarowa ta bayan kunnensa zuwa cikin wuyan riga. Kalma ɗaya ce tsakanin Oresta da mutumin da ke bayan kujerarta, kalmar kuwa tana bakin mutumin da ko tarar ajiye mota bai taɓa musu a kai ba.

"Haka ne, Madam," ya ce. "Yau da safe na sani. Babu abin da ya tsira."

"Ko allo ɗaya?"

"Ko ɗaya."

Tsohuwar ta gyaɗa kai. "A kawo mini rigata," ta ce wa na kusa da ita. Ta bi tsakiyar kujeru tana ƙwanƙwasa sanda, mutane suna janye ƙafafu. Wasu suka tashi suka bi ta. 'Yan jarida biyu suka yi kan dandamali, Aurèle ya ɗaga hannu, aka kashe kyamara.

A ɗan ɗakin ajiye kujeru suka ɓuya su biyu. Ya zauna a kan wani kwali, ya kwance maɗaurin wuyansa.

"Kin kashe mu," ya ce.

"Na sani."

"Gobe hukumar gudanarwa za ta nemi kanki, ni kuma in miƙa. Ba zan iya gaya musu dalili ba."

"Kada ka gaya wa kowa. Ko matarka."

"Har yaushe?"

"Har ta fito daga garin, ko su su fita."

"In ba su yarda ba fa? In duk wannan a banza muka yi?"

Ta ajiye wayar a kan gwiwarta, suka zuba mata ido. A waje ana kwashe faranti, wani ma'aikaci yana tambaya ko a mayar da kifin kicin. Aurèle ya tashi, ya zauna, ya sake tashi. Ita ko motsi ba ta yi ba.

Da wayar ta yi ƙara, sai da ta kusa suɓuce mata.

"Ke!" Muryar Oresta ce, a dushe, da ƙarfi, irin ƙarfin mai son na kusa da shi su ji. "Ke maras kunya! Ashe da sunana kike cin abinci a can? Ni ina nan ina shaƙar toka, ke kina rubuta kin ceta? Saura kaɗan ki sa a kashe ni!"

Ghislaine ta runtse ido, hawaye suka zubo. Ta gane ba su kaɗai ba ne a layin.

"Ki yafe mini," ta ce. "Na cuce ki."

"Yafiya? Je ki nemi yafiya wurin rigunan kakannina! Ga mutane nan tun safe suke yi mini tambaya saboda ke, yanzu da suka ga irinki har dariya suke yi mini. Sun ce in tafi gida. Da ƙafa zan tafi, ina motar da kika aiko?"

"Babu."

"Ai na sani babu. Kada ki ƙara kirana, kin ji ko? Kada ki ƙara!"

Ta kashe.

Aurèle yana tsaye a kanta, baki buɗe. "Me ta ce? Ghislaine, me ta ce?"

Ta goge fuska da bayan hannu, ta ja numfashi mai tsawo.

"Zagina ta yi," ta ce. "Tas. Sun sake ta, tana hanyar gida."