Gajimaren Farfesa

Ranar Talata da hantsi sakamakon awonmu ya fito. Na maimaita lissafin sau huɗu, sannan na kira abokin aikina na ofishin gefe. Ya duba, ya cire tabarau, ya ce, "Ke za ki gaya wa Farfesa, ba ni ba."

Farfesa ne ya koya mini aikin nan. Akwai wasu gajimarai na iskar gas da ke sheƙa gudu a kewayen babban gungun taurarin da duniyarmu take ciki. Shekara ashirin da shida ya yi yana bin guda ɗaya, har a sashenmu ake ce masa gajimaren Farfesa. Ana auna nisansa ne da tauraron da aka riga aka san nisansa. In gas ɗin ya tsotse wani ɓangare na hasken tauraron, to yana gabansa. In bai taɓa shi ba, yana bayansa. Daga abin da ya tsotse kuma ake gane sinadaran cikinsa.

Farfesa ya ce nasa yana can nesa ƙwarai, kuma kusan babu ƙarfe a cikinsa, wato sabon gas ne daga wajen gungun taurarin. Mu takwas muka yi digirin dakta a kan wannan magana. Yanzu sabuwar na'urar hangen nesa ta nuna shi a gaban wani tauraro na kusa, ƙarfe kuwa ga shi nan birjik. Tsohuwar na'urar ce ba ta da ƙarfin gani.

Da la'asar na je gidansa. Tun da ɓarin jikinsa ya shanye yake zama a falo, kusa da taga. Matarsa, wadda duk muke kira Mama, ta tare ni a ƙofa.

"Yau da sauƙi," in ji ta. "Har cin abinci ya yi da kansa."

Na so in juya. Amma ya riga ya hango takardun a hannuna.

"'Yata, kawo mu gani."

Ya ɗora su a cinya, yana bin layin da yatsan hannunsa mai lafiya. Ya daɗe a shafi na uku.

"Kin tabbata da nisan tauraron?"

"Na tabbata, ranka ya daɗe."

"Wa ya duba miki?"

Na faɗa masa. Ya gyaɗa kai.

"Aikinki ya yi kyau," ya ce. Sai ya juya wajen Mama. "Kin tuna lokacin da aka haifi auta? Ina kan dutse wajen na'urar hangen nesa. Sai da ya yi wata biyu na gan shi."

"Na tuna," ta ce, ba ta ɗago ba.

Na ce, "Farfesa, hanyar awon ai taka ce. Da ita na—"

"Kar ki lallashe ni. Da ina da shekara biyar a gaba, da mun sake daga farko." Ya miƙo mini takardun. "Ki buga."

Na buga a mujalla. Aka yi ta yabo, aka gayyace ni taro har uku. Sau biyu na koma gidan, Mama tana fitowa ta ce yana hutawa. A zuwa na uku ta riƙe hannuna a bakin ƙofa.

"Ba fushi yake da ke ba," ta ce. "Ko da ni ma ya daina magana."