Aku Ya Ture Bango

Jikana ana ce masa Aku, don tun da bakinsa ya buɗe bai bar kunnen kowa ya huta ba. Ni kuwa mijina nake ce masa, mijin da bai taɓa kawo cefane ba sai surutu. To, tun ranar da ruwan sama ya rushe bangon ɗakinsu, ya rufe shi a ƙarƙashin gado, ubansa ya tono shi da hannu, yaron nan ya yi gum. Ba karaya, ba rauni, amma ko "Kaka" bai ƙara cewa ba. Murfin tukunya ya faɗi sai jikinsa ya ɗauki karkarwa, uban ya rugo ya ƙanƙame shi har sai ta lafa. Wallahi tsoro ya kama ni, na ɗauka ba zan ƙara jin muryarsa ba.

Wata maƙwabciya ce ta yi mana kwatancen wata likita, ta ce aikinta ke nan, masu firgici, yara da manya. Na ɗaura ɗankwali na bi ɗana da yaron, don ni ba a ba ni labari.

Na shiga ina neman allura da kwalabe, sai na ga darduma, matasai, da wata ƙatuwar ƙwallo a lungu. Ikon Allah! Likitar ta tuɓe takalmi ta zauna a ƙasa. Ba ta tambayi Aku zancen bango ba. Sai dai ta sa shi ya danna tafin ƙafarsa a ƙasa, ya hura gashin tsuntsu a hankali, ya nuna mata da yatsa inda tsoron yake zama. Ya nuna cinyoyinsa. Ni dai na baza ido, ban taɓa sanin tsoro yana da mazauni ba.

"'Yar nan," na ce, "maganin fa?"

"Shi muke sha, Kaka," in ji ta.

Haka muka yi ta zuwa, ina ta yi mata tambaya kamar ni ce ɗalibar. Rannan muna zaune iska ta bugo wata ƙofa a waje, garam! Aku ya fara karkarwa. Uban ya zabura, likita ta ɗaga masa hannu.

"Baban Aku, dakata. Kar ka riƙe shi."

"Haba likita, ba kya ganin halin da yake ciki?"

"Ina gani. Ranar da bangon ya faɗi jikinsa ya so ya ture abin da ya danne shi ya gudu, bai samu hanya ba. Yunƙurin ne yake tasowa har yau. In ka matse shi, ko da ƙauna ce, jikin ji yake an sake danne shi."

Ɗana ya janye hannu. Kafinta ne, hannunsa bai san zama ba, ya rasa inda zai sa shi. Ta miƙa masa babban matashi, ta ce ya durƙusa ya riƙe. Ta tambayi Aku ko yana so ya gwada, ya gyaɗa kai. Ya kwanta rigingine, ƙafafunsa a jikin matashin.

"Tura a hankali, yadda kake so. Kai kuma Baba, in ya tura, ka ba da hanya."

Da fari ƙafafun rawa kawai suke. Can sai ya cije leɓe, ya tura. Uban ya ja baya kaɗan. Ya ƙara turawa, yana nishi, zufa na keto masa, har ƙaton mutumin nan ya faɗi zaune, matashin ya yi gefe. Karkarwar ta bi jikin yaron tun daga ƙafa har kafaɗa, ba wanda ya taɓa shi, ta wuce da kanta. Ya ja wani dogon numfashi, ni ma sai na ji na saki nawa.

Ya tashi zaune yana kallon ubansa. Muryar ta fito a shaƙe, 'yar ƙarama.

"Baba, na yi ta kiranka."

Ɗana ya rufe fuska, kafaɗunsa suna girgiza.

"Na ji ka," ya ce. "Wallahi ina jin ka. Tono nake yi."