Ranar da Aka Riga Auta Wanke-wanke

A ɗakin nan na ƙarshen baranda, a ɓangaren kwanan ɗalibai mata, akwai wata doka da ba a san wadda ta kafa ta ba: in lokacin abincin rana ya yi, ɗaya ta yi girki, ɗaya ta wanke kwanuka, ta ukun kuma ta zauna a bakin gado ta ba da labari. Yaya, wadda take shekarar ƙarshe, ita ke tsare dokar. Lauya kuwa, 'yar aji biyu a sashen shari'a, ba ta taɓa ƙorafi ba, don ko babu doka bakinta ba ya hutawa.

Ta ukunsu ita ce Auta, sabuwar shiga. Tun da aka gina ɗakin ba a taɓa ganin mai son wanke-wanke irinta ba. Kafin ki ajiye cokali ta sure shi. Yaya har ta fara roƙonta ta tausaya wa tukunya kada ta huje.

Ba son tsafta ba ne. In'ina take yi, kuma ta ƙudura a ranta ba za a san da haka a jami'a ba. "To" da "na gode" suna fita lafiya lau, sai ta riƙe su ta zauna a kansu. A gida abin da sauƙi, da ta fara magana Umma ko yayanta zai ƙarasa mata, sau da yawa da abin da ba shi take nufi ba. A nan kuwa tsoro take ji kada kalma ta maƙale, su kalli juna su danne dariya, daga ranar ta zama abar tausayin ɗaki.

Wata Asabar ta dawo daga ɗebo ruwa, ta tarar da kwanuka a kife, an wanke su tas. Lauya na goge hannu tana murmushin mugunta.

"Yau na riga ki. Bismilla, ga bakin gado."

Yaya ta ɗora shinkafa a kan risho a baranda, ta dawo ta zauna a ƙasa. "Ko labarin kyanwar gidanku ne, ki ba mu."

Auta ta zauna a bakin gadon.

"In ba ki da shi, fara da rigunanki," in ji Lauya. "Ta jiya mu uku za ta ɗauka. Ta yau kuma ban san ta ina kike numfashi ba."

Auta ta buɗe baki. "B-b-b..." Ya ƙi fita.

"Babbar yayarki ce ta ba ki? Ko bashi..."

"Ke, nan ba kotu ba ce," Yaya ta katse ta. "Labarinta ne. Rufe mana baki."

Lauya ta kama leɓenta da yatsu biyu. Suka zuba wa Auta ido, ba wadda ta kawar da kai.

"B-babana tela ne," Auta ta ce a ƙarshe.

Daga nan ta ci gaba, tana tuntuɓe tana tashi. Da sakamako ya fito, Baba ya ce shi zai ɗinka mata kayan makaranta da hannunsa. Ya ji an ce 'yan jami'a zama kawai suke yi a kujera suna karatu, don haka ƙiba za ta yi, sai a ƙara wa riguna faɗi. Umma ta ce ina, yunwa ce ke cin ɗalibai, ramewa za ta yi, a rage. Suka yi ta musu a kan keken ɗinki har maƙwabta suka shigo ba da baki. Daga ƙarshe aka yi sulhu, rabi a ɗinka yadda Baba ya ce, rabi yadda Umma ta ce.

"Ba w-w-wanda ya tuna ya auna ni," ta ce. "Ina ts-tsaye a wurin."

Lauya ta faɗi kan katifa tana riƙe ciki. Yaya na share hawaye da gefen ɗankwali. Auta ta dube su da kyau, don ta san irin dariyar da ake yi wa mutum, ta kuma ga ba ita ba ce wannan. Ta ƙara musu da yadda Baba ke kira duk mako yana tambaya, cikin dabara, ko manyan rigunan sun fara yi mata daidai. A nan wata kalma ta sake riƙe ta, ta daɗe tana fama da ita, su kuma suka jira har ta fito.

Sai da ta kai aya sannan ta ji ƙauri. Yaya ta zabura ta yi baranda, ta dawo da tukunya tana hayaƙi.

"Tun ɗazu nake jin sa," ta ce.

"M-me ya hana ki tashi?"

"Kina tsakiyar magana."

Auta ta sunkuyar da kai, idonta ya cika. Daɗi ne ya kama ta, irin wanda ba ta san inda za ta ajiye shi ba. Suka zauna a ƙasa suka cinye shinkafar da ƙaurinta, Lauya na cewa laifin telan ne.