Hure 'Yar Kumasi

A zangon Kumasi aka haifi Hure. Mahaifinta, Malam Badaru, mutumin Ajingi ne; fataucin goro ya kai shi Gana tun yana saurayi, ya zauna har ya tsufa, idonsa ya mutu. Ita kuwa ta auri Inuwa, ɗan ƙasar, mai ɗinkin keke, suka haifi 'ya mace, Hanne.

A ƙarshen shekarar 1969 rediyo ta faɗa cewa duk baƙon da ba shi da takardar zama ya fice daga ƙasar. Ba a harba bindiga ko ɗaya ba, amma kafin wani lokaci zango ya zama kufai.

"Yaƙi ake yi da mu?" Malam Badaru ya tambaya.

"A'a, Baba," in ji Inuwa. "Manya ne suka saɓa a sama. Sun ce baƙi sun cinye kasuwa."

Inuwa ya so ya ɓoye Hure a wajen danginsa, amma wa zai ja makaho zuwa Kano? Ta ce za ta kai shi ta dawo. Ta bar Hanne, wadda ba a daɗe da yaye ta ba, a hannun uwar miji.

A bakin iyaka suka tarar da ƙasar da ke gaba ta rufe ƙofa, ta baya kuma ba ta karɓar kowa. Suka yi ta zama a rana cikin dubban mutane, har ƙafafun tsohon suka kumbura. Da aka buɗe hanya, babbar mota ta sauke su a Kano, wata ta kawo su Gaya, suka ƙarasa Ajingi da aron jaki.

Gidan da Malam Badaru ya sha ba ta labari ya zama gonar gero. Ɗan wansa, Bala, ya karɓe su, ya share musu ɗakin da ake tara ƙaiƙayi. Tsohon bai ga damina ba.

Bayan sadakar arba'in Hure ta ɗaure kayanta ta tafi tashar Gaya. Wani direba da ke yin kudu ya saurare ta, ya girgiza kai.

"Baiwar Allah, sai da fasfo da izinin shiga. A can ke baƙuwa ce, a nan kuma wa ya san an haife ki?"

Ta je ofis a Kano, aka ce ta kawo shaidar haihuwa daga Gana. Ta koma Ajingi ta kama sana'ar ƙuliƙuli. Matan unguwa na dariyar Hausarta, har suka saba.

Shekarar da fari ya cinye gyaɗa, wani bafatake mai suna Umara, wanda ta roƙa ya nemo mata gidan mijinta, ya dawo daga Kumasi ta ɓarauniyar hanya. Ta same shi ranar kasuwa ta durƙusa.

"Na nemi gidan, kamar yadda kika ce," in ji shi. "Wasu ne a ciki. Sun ce mai ɗinkin ya kwashe iyalinsa ya yi arewacin ƙasar. Ba wanda ya san garin."

"Yarinyar fa, Malam?"

"Ba su ambace ta ba."

Da kaka Bala ya kai ta gaban alƙali a Gaya, aka raba auren saboda ɓatan miji. Wani manomi daga ƙauyen Balan ya aiko yana neman aurenta. Bala ya tambaye ta, ta ce duk yadda ya gani.