Baƙar Rigar Fata

Ina kicin ɗin yayata Verna, ina fama da bututun da ke yoyo, sai wata 'yar sanda ta buga ƙofa. Sunanta Marisol Teague. Daga babban birnin jiha aka turo ta, aikinta tono binciken da aka daɗe da jinginewa.

Maganar Shawna ce ta kawo ta, 'yar Verna ɗaya tilo. Tana da shekara goma sha shida aka tsinci gawarta a bayan tsohon ramin fasa dutse, a kakar 1986. A lokacin garinmu ba shi da zance sai na masu bautar Shaiɗan. Wani ya ga ƙasusuwan barewa kusa da wurin ya ce tsafi ne, kamar ya manta kowane gida a nan akwai mafarauci. 'Yan sanda suka kama wani yaro mai dogon gashi da ke jin kiɗan nan mai ƙara, suka rasa hujja suka sake shi, iyayensa suka bar gari. Ba a ƙara neman kowa ba.

Verna ta zuba mata shayi mai ƙanƙara. Mijinta Hollis ya kashe talabijin.

"Mista Hollis, Madam," in ji Teague, "ƙawar Shawna ta ce a makon da ta rasu ta shigo gida da wata baƙar rigar fata ta namiji, aro. Yanzu silin gashi ɗaya, ko gumin wuyan riga, ya isa a gano mutum."

"Tana nan," in ji Hollis. "Tana sama, cikin akwatin kakar Verna. Tun lokacin na ce su zo su ɗauka, suna can suna jera ƙashin barewa."

"Zauna, tsoho, gwiwar nan taka," in ji Verna. "Bari Lyle ya hau in ya gama." Ni take nufi.

"Lyle? Wanda tun bikin Ista yake gyaran bututu ɗaya? Kafin ya gama ai baƙuwar ta yi ritaya."

Ya jawo tsani ya hau. Muna jin takunsa a kanmu.

Verna ta ɗora tafukanta a tebur. "'Yata, ba zai same ta ba. Wuta ta ci ta."

Na san wutar da take nufi tun kafin ta ƙarasa, don har da ni aka tara itacen. Bayan jana'iza cocinmu ta kunna wuta a filin ajiye motoci, kowa ya kawo faifai da kaset na 'ya'yansa, ana jefawa ana waƙar yabo. Verna ta zo da jakar cefane. Kaset muka gani a saman jakar, ashe rigar tana ƙasa.

"Akwai hoton kan bunsuru a bayan rigar," ta ce. "Ana ta cewa Shawna ta shiga cikin masu bautar Shaiɗan. Ban so a ga wannan a ɗakinta ba."

"Ta faɗa miki ta wane ne?" in ji Teague.

"Hoton da ke baya na yi mata faɗa a kai. Ban tambaye ta mai ita ba."

Teague ta ajiye kofin shayinta. Takun ya tsaya a sama, ya daɗe a tsaye. Sannan Hollis ya sauko a hankali, yana kakkaɓe wando, bai dubi matarsa ba.

"Ki yi haƙuri, Madam," ya ce. "Tsufa. Ɓeraye sun cinye ta, ni da kaina na zubar tun bara waccan. Na manta."

"Hollis," in ji Verna. "Na gaya mata."

Ya tsaya riƙe da tsanin.

Na karanta littattafai da yawa a kan laifi da niyya, ni kaɗai, ba malami. Har yau ban san inda zan ajiye yayata ba. Sunan 'yarta ta so ta wanke, da hannun nan kuma ta wanke wanda ya kashe ta. Shi kuwa Hollis, tsakanin akwati da ƙasan tsani ya gane komai, kuma abin da ya fara zuwa bakinsa ƙaryar da za ta rufa mata asiri ce.

Verna ta raka Teague har bakin ƙofa.

"Babu wani abu kuma da za ku gwada?"

"Zan duba, Madam. Amma a gaskiya rigar na zo nema."

Motar ta tafi. Hollis ya mayar da tsani, ya ja kujera ya zauna kusa da matarsa, ba a gefen da ya saba zama ba.

"Da kin ba ni na kai musu da kaina," ya ce.

"Da na ba ka," ta ce.