Lissafin Tsallaken Rami

Shekara uku da rasuwar ƙanenta, malamar lissafi ba ta daina zana layin nan mai lanƙwasa a allo ba bayan ɗalibai sun watse. Ita ta lissafa masa tsallaken rami da babur: zai tashi sama mita huɗu, ya sauka a nisan mita sha takwas. Faɗin ramin sha bakwai ne.

"Yaya, tunda ke kika lissafa, ko ido a rufe zan haye," ya ce mata yana dariya.

Kowa ya ce kwanansa ne ya ƙare. Ba ta musa ba, amma ta ɗauki igiyar awo ta je wurin. Gaɓar sauka ta fi gaɓar tashi tudu da mita guda. A takardarta kuwa, daidai ta ɗauke su.